Kuɗin Ɗaki a Jibiya

A ƙasar Hausa mutumin da ke da dangi a gari ba ya kwana a otal. Ba a rubuta wannan doka a ko'ina ba, amma kowa ya san ta, kuma wanda ya karya ta ya san akwai bayani a gabansa. Kalmar ma kanta ba ta da farin jini a bakin manya. Idan aka ce an ga wane ya fito daga otal, ba wanda zai tambayi nawa ya biya, abin da ya kai shi za a tambaya. Baƙo masauki ake ba shi: a share ɗakin zaure ko shagon samari, a shimfiɗa tabarma, a ajiye buta, a aiko da kwano rufe da faifai. Wanda ya tsallake wannan ya je ya biya kuɗi ya kwana a hannun bare, kamar ya ce wa 'yan'uwansa ne ba su isa ba.

A cikin wannan tarbiyya muka tashi. Duk da haka a watan Nuwamban 2024 mun kwana biyu a wani ɗan ƙaramin otal a Jibiya, alhali gidan Kawu, yayan mahaifiyarmu uwa ɗaya uba ɗaya, bai fi tafiyar minti goma a ƙafa daga wurin ba.

Mu biyu ne, wa da ƙane. Babban, mai wannan rubutu, kimiyyar kwamfuta ya karanta, rubuta manhaja ce sana'arsa a Kano. Ƙaramin malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Wato dai gida ne da ko Wudil za a je sai an zauna an buga lissafi.

Maradi muka nufa. Kakarmu Hajiya 'yar can ce, aure ya kawo ta Jibiya, bayan rasuwar mijinta ta koma garinsu wurin autarta, wadda muke kira Inna. A can ta rasu a watan Satumban 2023, iyaka na rufe. Wanda ba shi da kowa a tsallake yana jin labarin rufe iyaka a rediyo kamar yadda yake jin farashin ɗanyen mai, ya wuce. Mu kuwa da shi muke ƙirga shekaru. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe guda huɗu a Disambar 2020, Illela da Maigatari na ciki, Jibiya ba ta ciki, sai a Afrilun 2022 aka waiwaye ta. Ba a yi shekara ɗaya da rabi ba sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake datse hanya, har wutar lantarkin da Nijar ke saye daga Najeriya aka yanke. Sai a Maris ɗin 2024 ƙasashen biyu suka buɗe, kowace a ranarta. A tsakanin nan ne Hajiya ta cika. Akwai hanyoyin daji, 'yan acaɓa sun san su, mutane kuma sun yi ta bi. Umma ce ta hana mu. Ta ce ta rasa uwa, ba za ta ƙara da 'ya'ya ba. A waya muka yi wa Inna ta'aziyya, a waya ita ma ta yi mana.

Da hanya ta buɗe, ƙafafun Umma ba su bari ta yi doguwar tafiya a mota ba. Ta ce mu je a madadinta, mu tsaya a kan kabarin, mu ga Inna da idonmu, mu biya ta wurin yayanta, mu dawo mu ba ta labari. Aka ɗauki wata takwas kafin hutu da kuɗi su haɗu a lokaci guda.

Naira 180,000 muka iya haɗawa, na mutum biyu, na kwana biyar. Muka buɗe jadawali a kwamfuta, kowane abu da layinsa. Kuɗin mota bai ba mu wahala ba, an san shi, ya dai ninka ne tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Abinci ma ba wuya. Inda lissafi ya fara ɗaci shi ne canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ba ta motsi. Naira kuwa bayan an sake ta a Yunin 2023 ta yi ta gangarawa. Jaka guda, wato sefa 1,000, wadda muka canza a kan naira ɗari shida da wani abu a zuwanmu na 2019, a lokacin tafiyarmu ta 2024 ta haura naira 2,500. Duk abin da za mu kashe a tsallake sai mun ninka shi sau huɗu a kan abin da muka saba. (Ita kanta kalmar jaka tarko ce ga baƙo: a bakin tsofaffin Kano naira 200 ce, a Maradi sefa dubu ce. Ƙananan kuɗi kuma da dala ake ƙirga su, kowace dala sefa biyar, don haka idan mai shayi ya ce maka dala ashirin, ɗari yake nufi.) Layin da ya fi kowane girma shi ne na tsaraba, kuma shi kaɗai ne ba mu yi gardama a kansa ba: atamfa biyu, sabulu, turare, sukari, da abin sadakar da za a raba wa Hajiya.

Saura layin masauki. A ranar farko sifili muka rubuta. Maradi gidan Inna, Jibiya gidan Kawu. Tafiyar tsimi ta samu, babu ko kwabo.

Taubashinmu ne, ɗan Kawu na uku, ya sa muka sake duban sifilin nan, ba tare da ya yi niyya ba. Muna hira a WhatsApp, ana tsokanar juna yadda aka saba, sai ya ce mu zo da tabarmarmu domin shi kansa a masallacin unguwa yake kwana tun bara. Muka ɗauka wasan taubasai ne. Da muka matsa, ya ƙirga mana. Gidan ɗaki shida ne a da. Ambaliyar da ta ci Jibiya a Yulin 2018, wadda ta kashe mutane sama da arba'in, ta rushe ɗaya, ba a sake tayar da shi ba. A cikin biyar ɗin da suka rage mutum ashirin da uku ke kwana. Goma sha ɗaya daga cikinsu dangin matar Kawu ne da suka baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga. Ba su kaɗai ba ne. A Maris ɗin 2022 mutanen Shimfiɗa sun kwararo cikin garin har aka sauke da yawansu a makarantar gwamnati, kuma wanda ya yi sa'ar samun ɗan'uwa a gari gidansa ya nufa. Gonakinsu na can, ba mai iya zuwa. Kawu tela ne, keke ɗaya, ido kuma ya fara rauni.

Mun san abin da zai faru idan muka sauka a gidan, domin mun sha gani. Za a kwashe mata da yara daga ɗaki mafi kyau a cusa su cikin sauran. Za a yanka kaza, ko da ita ce mai ƙwai. Za a ƙara jarkar ruwa daga 'yan garuwa don baƙin birni su yi wanka safe da yamma. Za a dafa shinkafa a gidan da tuwon masara ma sai an auna, kuma yara za su zauna nesa suna kallon kwanonmu har mu ƙoshi a miƙa musu saura. Duk wannan da fara'a za a yi shi, ba wanda zai nuna mana a fuska. A sana'armu mun daɗe da sanin cewa manhajar da aka ce kyauta ce akwai mai biyan kuɗin na'urar da take aiki a kanta, ba ka dai gan shi ba ne. Da muka kimanta abin da kwananmu biyu zai ci wa gidan Kawu, ya zarce kuɗin ɗakin otal, kuma daga aljihun da ya fi namu rauni zai fita.

Muka kai wa Umma maganar. Ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta ce, "Gaskiyarku ce, amma ba zai ji daɗi ba. Kada ku kuskura ku ce masa don kun tausaya masa ne. Ku ce aiki ne."

Aikin kuwa ba ƙarya ba ne. Babbanmu na da aikin da zai miƙa ranar Litinin, yana buƙatar wuta ta wasu sa'o'i da sabis mai ɗan ƙarfi. Mai rubuta manhaja ba ya yin nisa da soket. Jibiya kuma gari ne da ya san rashin sabis fiye da yawancin garuruwa: a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ita ma tana ciki, aka yi watanni a haka. A lokacin da lambar Nijar mai farawa da +227 Kawu ke kiran Umma, idan ya sami inda sabis ɗin tsallake ke kamawa. Muka goge sifili muka rubuta naira 16,000, ɗaki ɗaya, kwana biyu, ɗaya a tafiya ɗaya a dawowa. Muka rage daga layin abincinmu don ya shiga.

Ranar Asabar da sassafe muka bar Kano. Katsina kafin azahar, muka canza mota. Daga Katsina zuwa Jibiya bai kai kilomita hamsin ba, amma shingayen masu kaki iri-iri sun sa direba bai taɓa sakin ƙafa ba, hannunsa na dama kan sitiyari, na hagu riƙe da 'yan canji a bakin taga. Ba wanda ya ce uffan a motar. Kowa ya san kuɗin na cikin abin da muka biya a tasha. Doka ɗaya muka kafa wa kanmu tun daga gida, kada magariba ta same mu a kan hanya, kuma da la'asar muna gari.

Otal ɗin gida ne irin na kowa da aka mayar masauki: katanga, ƙofar ƙarfe, tsakar gida da bishiyar darbejiya, ɗakuna goma sha biyu a jere suna fuskantar juna. Ba allo mai haske, sunan ma fenti ya fara cinye shi. A zaure akwai tebur da babban littafi, da wani dattijo mai tabarau da kowa ke kira Manaja. Bai karɓi kuɗi ba sai da ya karɓi katin ɗan ƙasa na kowannenmu ya kwafe lambar da hannunsa, ya tambayi daga inda muke, inda za mu, da wanda muka sani a gari. Da muka faɗi sunan Kawu sai ya ɗago ya dube mu ta saman tabarau.

"Tela? Na bayan masallaci? To mi ya kawo ku nan?"

"Aiki ne, Baba. Muna buƙatar wuta."

Ya ce to, ya ci gaba da rubutu. Irin "to" ɗin da ke nufin ya ji, bai dai yarda ba.

Ɗaki mai lamba huɗu ya ba mu. Gado ɗaya mai faɗi, katifa ta kwanta a tsakiya saboda yawan bayin Allah da suka bi ta kanta, zanin gado wankakke har ya koɗe. Fanka a sama, gidan sauro a naɗe, darduma a rataye a ƙusa, kibiya da biro a bango tana nuna alƙibla. Banɗaki a ciki yake, famfo ba ya zuba, amma ga bokiti biyu cike da buta. Soket ɗaya ne tak, a bayan gado, kuma shi ne abin da muka fara gwadawa kafin mu ajiye jaka. Manaja ya yi mana bayanin tsari: idan an kawo wuta, alhamdu lillahi, idan ba a kawo ba, ana tayar da inji daga bayan magariba zuwa sha biyun dare, ba ƙari ko minti ɗaya, domin mai a garin iyaka ba abin wasa ba ne. Tun a Nuwamban 2019 da gwamnati ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, in ji shi, mutanen Jibiya suka koyi sayen fetur a galan.

Mun kwana a otal-otal masu tsada a Abuja da Legas a kan kuɗin kamfani, inda ake ajiye maka ɗan sabulu a naɗe da takardar da ke roƙon ka yaba musu a intanet. Ba mu taɓa ganin wurin da ya faɗi gaskiya game da kansa kamar wannan ba. Bai yi alkawarin abin da ba shi da shi ba, abin da ya ce zai yi kuma ya yi. Arha ba ta ado, haka ne, amma ɗakin a share yake, ƙofar na da sakata mai ƙarfi, kuma ƙarfe bakwai saura injin ya tashi.

Kafin nan sai da muka je gaida Kawu, domin labari ya riga mu isa. A zaure muka same shi, keken ɗinki a gefe. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya tambayi Umma da ƙafarta, ya tambayi hanya. Sannan ya yi shiru. Yara sun cika ƙofa suna leƙe, fuskoki da yawa ba mu san su ba.

"An ce mani kun sauka hotal."

"E, Kawu. Akwai aikin da za a tura, sai da wuta."

"Wuta." Ya maimaita kalmar kamar yana auna yadi. "Mi na yi maku? Uwarku a ɗakin can aka haife ta. Ɗiyan ƙanwata su zo garin ubanta su kwana wurin direbobi, gobe in fita masallaci a ce mani mi?"

Ba mu da amsar da za ta gamsar da shi ba tare da ta ƙona shi ba, don haka muka sunkuyar da kai muka ce ya yi haƙuri. Kuma ba mu ga laifinsa ba. Mutumin da aka raba da yawancin abin da yake taƙama da shi, ciniki ya ja baya, gida ya cika, abin da ya rage masa shi ne a ce gidansa ba ya mayar da baƙo. Mu kuma mun zo daga birni da jadawalinmu mun taɓa wannan ɗin. Amma da muka shiga ciki gaida matarsa, muka ga tabarmi jingine a kowane bango, ƙullin kaya a saman kowace ƙofa, wata tsohuwa kwance a ɗakin da da mu za a ba, hankalinmu ya kwanta a kan abin da muka yanke. Matar Kawu ta karɓi tsaraba da rabin buhun masarar da muka sa aka kawo daga kasuwa, ta yi godiya da ƙarfi don a ji a zaure. Da ta rako mu bakin ƙofar ciki kuma ta rage murya ta ce, "Allah ya yi maku albarka. Ku bar shi, zai huce."

Bayan isha'i sai ga taubashinmu a otal da kwanuka biyu a ɗaure cikin ɗankwali. Tuwo ne da miyar kuka, da kaza. Kazar dai ba ta tsira ba. Muka ci tare da shi a tsakar gida, muka miƙa wa Baba maigadi cinya.

Tsakar gidan nan da dare ita ce ainihin otal ɗin. Kowa ya fito da wayarsa ya jona a dogon soket ɗin da Manaja ya jawo daga zaure, aka zauna a benci ana jiran caji. Akwai direbobin tirela biyu da ke jiran takardun kayansu, kwanansu huɗu ke nan. Akwai ɗan canji da ba ya rabuwa da wata 'yar jaka ko alwala zai yi. Akwai wani mutumin Tasawa da ya kawo mahaifinsa asibiti a Katsina, suna kan hanyar komawa, tsohon na ɗaki yana tari. Akwai ɗan kasuwar Maradi da ya zo cin kasuwar Lahadi, yana dariya yana cewa da ɗan Najeriya ne ke shiga garinsu yana taƙama, yanzu shi ne ke zuwa da 'yan takardu kaɗan a aljihu ya cika mota. Ba wanda ya ji haushi, gaskiya ya faɗa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya zo yin abin da manya ke zargin ana yi a otal. Mutane ne da hanya ta tsayar, ba su da kawu a garin, ko kuma suna da shi sun yi irin namu lissafin.

Manaja ma da rufe iyaka yake ƙirga shekaru, kamar mu. Ya ce a rufewar farko ya yi watanni bai cika ɗaki uku a dare ɗaya ba, ya sallami yaransa biyu, ya sayar da firiji. Muka tambaye shi batun jirgin ƙasa, domin layin dogon Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai ratsa. Ya ce kowa na murna, shi ma yana taya su, amma mutumin da zai karya kumallo a Kano ya yi azahar a Maradi me zai kwana yi a wurinsa? Ya ɗan yi shiru ya ƙara da cewa, ko da yake, muddin akwai takardu akwai jira, muddin akwai jira akwai mai neman ɗaki.

Babbanmu ya koma ciki ya yi aikinsa. Wayar takan yi tsalle ta kama sabis ɗin Nijar ta aiko da saƙon maraba da Faransanci, sai an dawo da ita da hannu. Ƙarfe sha ɗaya da rabi aikin ya tafi. Sha biyu daidai injin ya mutu, garin ya yi tsit, irin shirun da mutumin Kano bai saba da shi ba. Mun ji haushin karnuka daga nesa, muka kasa kunne fiye da yadda ya kamata, domin duk wanda ke karanta labaran yankin nan ya san dalilin kasa kunne. Ba abin da ya faru. Sanyin hunturu ya fara shigowa, fanka ma ba a bukace ta ba, muka yi barci har kiran assalatu.

Da safe muka ratsa kasuwa, muka canza kuɗi a hannun maƙwabcinmu na daren jiya, wanda ya rage mana kaɗan saboda an ci kaza tare. Daga nan Magama, inda hanya ta rabu, aka duba takardu, muka haye, aka sake dubawa a Ɗan Isa. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi tsammanin ganin wata ƙasa daban. Abin da ya canza shi ne kakin jami'ai da rubutun alluna, sai kuma makaranta da ta koma lakwal, ɗan acaɓa ya koma ɗan kabu-kabu. Kogin Gada da aka datse aka yi dam ɗin Jibiya shi ne ke zama Gulbin Maradi idan ya tsallaka. Garin ma Katsinawa ne suka kafa shi, sarakunan Haɓe da suka bar Katsina bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maradi, kuma Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka duk suna can kamar yadda suke nan. Layin da ya raba mu da kabarin kakarmu Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi tsakanin 1906 da 1908.

A Maradi gidan Inna muka sauka, kwana uku, ba mu ko tambayi kuɗin otal ba. Mizanin da ya hana mu kwana gidan Kawu shi ne ya kwantar da mu a nan. Inna ita kaɗai ce da jikarta a gida mai ɗaki huɗu, ɗakin Hajiya a rufe tun ranar da aka fitar da ita. Shi ta buɗe mana. Ta ce, "Wanga ɗaki ya gaji da shiru, ku kwana ciki." Carbinta na nan a rataye, da kwallar da take ajiye mana alewa muna yara. A nan baƙo ba nauyi ba ne, Inna ta yi shekara tana jiran wanda za ta dafa wa. Da safiyar Litinin wani maƙwabci ya raka mu maƙabarta. Ba alama a kan kabarin sai wani fasasshen tulu, shi ya nuna mana. Muka yi addu'a, muka kira Umma a waya daga bakin ƙofar maƙabartar, muka ce mata mun tsaya. Ba ta ce komai ba, mun dai ji numfashinta, sannan ta kashe. Kiran minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ne, ya ci kusan abin da muka ware wa waya na kwana biyu.

Ranar Laraba da la'asar muka dawo Jibiya. Babbanmu ya ciro naira 8,000 ya ajiye a kan tebur. Manaja ya tura kuɗin baya da bayan biro.

"An biya."

"Wa ya biya, Baba?"

"Tela ya zo shekaranjiya da kanshi. Ya ce ɗaki na huɗu, a ajiye maku. Ya ce baƙinshi ne, ko ina suka kwana."

Ya juyo da littafin ya nuna mana. Ga sunan Kawu, ga adadin, ga kwanan wata. Maigadi ya ce a tsaye ya ƙirga kuɗin, 'yan ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar, bai yarda ya zauna ba, bai kuma ko leƙa tsakar gidan ba. Mun san abin da naira 8,000 take a wurin tela a garin da mutane ke fama da abin da za su ci: ɗinkin kwanaki ne.

Mayar masa da kuɗin ba ya cikin abin da zai yiwu. Muka je muka yi godiya kamar yadda ake yi wa mai masauki, ya amsa da fuska a sake, har ya tsokani ƙaraminmu a kan rashin aure. Ya tambayi Inna, ya tambayi kabarin, ya sa muka faɗa masa dalla-dalla ta wace ƙofa ake shiga, domin shi ma sau ɗaya ya samu zuwa. A hanyar komawa otal muka ja taubashinmu gefe muka tambaye shi kuɗin makarantar ƙannensa biyu na zangon da ke tafe. Ya faɗa. Muka ce zai ga saƙo a ƙarshen wata, kuma idan Kawu ya ji, mun san bakin wanda ya fito. Ya ce ai taubashi ba ya riƙe sirri kyauta, sai muka bar masa cajar waya.

A Kano muka zauna cike jadawali. Mun kashe naira 171,500. Layin masauki ne ya tsayar da mu, ƙaraminmu ya ce a rubuta 8,000 tunda ita ta fita daga aljihunmu, babbanmu ya ce 16,000 tunda ita aka biya. Umma na jin mu daga kan darduma. Da muka ba ta labarin littafin Manaja ta yi dariya har ta share ido, ta ce halin yayanta ke nan tun suna yara, ko rake aka raba sai ya ce shi ya saya. Sannan ta gyara zama ta ce mu bar lissafin nan, mu faɗa mata yadda Inna ta rame ko ba ta rame ba.